Jan Ƙyallen Mai Tarko

Kafin mai aski ya gama share ƙofar shagonsa, ita ta riga ta kai saman bene. Haka yake ganinta shekara da shekaru. Ya ɗaga ƙyaure, ya ɗauki tsintsiya, ya ɗaga kai ya dubi dogon ginin asibitin da ke tsallaken titi, sai ga wata 'yar siririyar mata cikin farar rigar aiki ta ɓullo ta bayan tankin ruwa. Ba ta tafiya a miƙe kamar sauran mutane. Sai ta dafa bango ta ja ƙafa, ta kama bututu ta sake jan ƙafa, har ta isa wurin wani akwatin ƙarfe mai jela, wanda ke juyawa duk inda iska ta juya. Ta buɗe shi, ta ciro wani abu da ba ya ganuwa daga nesa, ta sa wani a madadinsa, ta koma yadda ta zo. Masu jiran aski sun daɗe suna yi mata dariya, wai tafiyar hawainiya take yi don kada aikin ya ƙare da wuri. Mai aski ba ya taya su wannan dariya, kuma wanda ya matsa da ita yakan ji injin ya ɗan ja masa gashi.

Mai Tarko muke ce mata, mu mutanen unguwar da ke gindin asibitin, kuma ita muke yi wa jinjina yau, tun tana da ranta, tana kuma jin abin da ake faɗa. Watan jiya ta ajiye aiki. An taru a wani ƙaramin ɗaki, an sha lemo, an ba ta agogon bango, aka watse. Wannan bai ishe mu ba, bai kuma ishi mai aski ba. Duk wanda ya taɓa zama a kujerarsa da tawul a wuya ya ji labarin matar nan, domin ba damar gudu da rabin kai.

Akwatin nan shi ne tarkon. Yana da ɗan siririn baki da ke zuƙar iska dare da rana kamar hancin mutum, a ciki kuma akwai ɗan gilashi da aka shafa wa abu mai danƙo. Duk abin da ke yawo a iskar gari, in ya shiga ya manne. Abin da take farauta shi ne irin funfuna. Funfunar nan da ke fitowa a bangon da ya sha ruwa, da jikin burodin da ya kwana biyu, da ruɓaɓɓen ganye, da karan da aka bari a gona, ita ma tana da iri kamar kowane tsiro, sai dai nata irin ya fi ƙarfin ido, kuma iska ce ke raba shi gida-gida. Kowa na shaƙarsa. Mafi yawanmu ko atishawa ba ma yi. Amma akwai waɗanda ƙirjinsu ba ya ga maciji da shi, wasu daga cikin masu ciwon asma, waɗanda in ya yi yawa a iska sai hanyar numfashinsu ta tsuke, su rasa inda za su sa kansu.

In ta sauko, sai ta shige ɗakinta na awo da ke can ƙasan gini kusa da ma'ajiyar magani, ɗakin da tagarsa ɗaya ce, ita ma can sama kusa da rufi. Ta ɗiga wa gilashin wani ruwa mai launi, ta sa shi ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, ta manna ido, ta fara ƙirge. Aikin ke nan. Ba ta yi wa kowa allura, ba ta karɓar haihuwa, ba wanda ya taɓa sa wa 'yarsa sunanta don godiya. Masu gadin asibitin ma sun daɗe suna zaton ma'aikaciyar ruwa ce mai duba tanki.

Ta san shekarar garin nan ta wata fuska da ba wanda ya santa. Da rani, in ji ta, gilashin kan fito kusan fes, ta gama ƙirge kafin shayinta ya huce. Da zarar ruwan farko ya taɓa ƙasa, baƙi sun fara isowa ke nan. Tsakiyar damina akwai wasu 'yan ƙanana marasa launi da ke tashi da sassafe in an kwana ana ruwa, su take kira 'yan bayan ruwa. Akwai 'yan sarƙa, masu manne wa juna, waɗanda ba sa barin gari gaba ɗaya, sai dai su yi yawa su ragu. Sannan akwai wanda ta fi tsana, mai launin ƙasa, mai kai kamar kulki, wanda ke yin haƙuri sai damina ta juya baya, gonakin da ke kewaye da gari sun bushe an shiga girbi. A daidai lokacin da kowa ke murnar danshi ya wuce, lokacin ne mai kulki ke cika gari, musamman ranar da iska mai ƙarfi ta taso a gaban hadari.

Mai aski bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba sa'ad da yake buƙatar saninsa. 'Yarsa ta fari tana da ciwon, kuma duk daminar shekarar nan suna ɗari-ɗari da ita, suna rufe ta, suna hana ta taka ruwa. Da aka shiga kaka sai suka saki jiki. Wata rana da la'asar hadarin ƙarshe ya taso da iska, ƙirjinta ya kama. Shi da maiɗakinsa suka yi abin da kowa ke yi wa wanda numfashi ya yi wa wuya: suka buɗe tagogi duka, suka fito da ita tsakar gida ta sha iska, suna yi mata fifita. Ko da suka ga abin ya fi ƙarfinsu suka tsallaka titi da ita, lokaci ya riga ya ƙure. Har yau in ya kawo nan a labarin yakan kashe injin aski, ya yi kamar yana karkaɗe shi. Ƙanwarta, Auta, tana goye a lokacin. Ba ta cika shekara uku ba ya ji siririn fiton nan na masu asma a ƙirjinta ita ma.

A wancan zamanin ƙirgen Mai Tarko na bincike ne kawai. Ta tara, ƙarshen wata ta miƙa wa likitoci. Likitan ƙirji ne, wani dattijo mai yawan nazari, ya lura cewa ranakun da ɗakin jinyarsa ke cika da masu haki su ne ranakun da ƙirgenta ke hawa, ya kira ta ya nuna mata. Ya yi zaton za ta yi murna. Ita kuwa ba ta yi ba, domin ta gane cewa akwai safiyoyin da ta ga abin da idonta, ta gama shayinta, ta ci gaba da aiki, alhali a tsallaken titi wasu na buɗe wa 'ya'yansu taga. Ta tambaye shi amfanin sanin da sai ƙarshen wata zai isa kunnen mutane. Likitan ya yarda da ita, sai dai a lokacin wayar hannu ba ta shiga kowane aljihu ba, kuma gidajen masu ciwon a warwatse suke. Ita ce ta ce ai ginin ya fi komai tsawo a yankin, kowa na ganinsa.

Da haka aka fara rataya jan ƙyalle. Aka kafa sanda a bakin rufin bene, aka ɗaura igiya. Ranar da ƙirge ya hau, sai ta sake hawa sama ta rataya jan ƙyalle. Likitan da kansa ya riƙa yi wa iyaye bayani a ranar ganin marasa lafiya: in kun ga ja, a rufe tagogin da ke fuskantar iska, a sha maganin safe kada a tsallake, abin shaƙa, wato maganin da ake fesawa a baki, ya kasance a aljihu, kada a je fili, kada a kaɗe katifa ko a share ɗaki a gaban yaro. In ba ku ga komai ba, kowa ya kama harkarsa.

Tun daga nan rayuwar mai aski ta rataya a jikin sandar nan. Har madubin shagon ya karkata yadda zai riƙa hango saman benen yana tsakiyar aiki, abin da ya sa shekara da shekaru masu aski ke ganin kunnensu na hagu fiye da fuskarsu. In ja ne, ya leƙa cikin gida ta ƙofar baya ya yi magana ɗaya, maiɗakinsa ta san sauran. Auta ta tashi da sanin cewa akwai wata mata a sama da ke yanke hukuncin ranar wasa da ranar zama a ɗaki, kuma tana ƙarama ta tsane ta iya tsana. Takan tsaya a ƙofar shago ta murguɗa wa benen baki.

Ke ce kika sha wannan murguɗa baki daga nesa ba ki sani ba, Malama. Ke ce yara suka yi ta tsine wa ƙyallenki, kuma yaran nan su ne manyan da ke numfashi a unguwar nan yau.

Sai ga ranar da mai aski ba ya son tunawa, kuma ba ya iya daina faɗa. Auta ta kai shekara sha ɗaya, ciwon ya lafa, likita ya ce a ranar da iska ke lafiya za ta iya gudu kamar kowa. Makarantarsu ta shirya wasanni a wani fili da ke bakin gari, dab da gonakin da ake girbi, aka sa ta cikin masu tsere. Ta yi mako guda tana roƙo. Uban ya gaji ya ce magana ɗaya ce, in babu ƙyalle ta je, in akwai kuwa ko kuka za ta yi har ta shiɗe ba inda za ta.

Da safe ya makara kaɗan wajen buɗe shago. Ya fito ya duba, sanda tsirara. Ya murza ido ya sake dubawa, ba komai. Gari kuwa garau, sai ɗan zafi-zafi. Auta ta fito da kayan wasanta tana tsalle. Uwar ta biyo ta da abin shaƙa, ita kuma ta nuna cewa wandon ba shi da aljihu, ina za ta sa shi tana gudu.

"Baba, babu ƙyalle fa. Kai da kanka ka faɗa," in ji ta.

Ya yi dariya, ya karɓi abin shaƙar ya ajiye a kanta tsakanin mataji da almakashi, ya ce ta je ta ciyo musu na ɗaya.

Abin da bai sani ba shi ne, Mai Tarko ta rataya ƙyallen a safiyar nan, ta kuma rataya shi da wuri fiye da kullum. Tana manna ido a madubi ta ga gilashin ya yi baƙi da masu kulki, ba ta ma tsaya gama ƙirge ba ta aika wa likita, ta koma sama. Tana sauka wata 'yar guguwa ta wuce ta tsinke tsohuwar igiyar, ta yi gaba da ƙyallen. Ita kuwa tana ɗakinta mai taga ɗaya, hankalinta kwance cewa unguwa ta ji. Sai da hantsi ya dubi ludayi wata mai shara ta shigo da jan ƙyalle a hannu, ta ce a jikin wayar shinge ta tsince shi bayan asibiti, ko nata ne.

Ta karɓi ƙyallen. Ta fito ta dubi gabas, ta ga ya haɗe baƙi ƙirin, iskar da ke gaban hadari ta fara kaɗa ganye. Da gida ɗaya ne, da ta ruga ta ƙwanƙwasa ƙofa. Amma gidajen suna da yawa, ba ta ma san ƙofar wasu ba, kuma duk sun duba da safe sun ga ba komai. Bakinta ɗaya ne da zai kai gare su duka, wato sandar nan, yana kuma can sama, a ƙarshen tsanin ƙarfe, ga tsawa ta fara.

Mai aski yana tsakiyar kan wani ƙaton mutum sa'ad da ya ga wani ja-ja na motsi a kusurwar madubi. Ya juya. Can bakin rufin bene, inda bai taɓa ganin ta tsaya a miƙe ba, ga matar nan ta rungume sanda da hannu ɗaya, ɗayan kuma tana kaɗa ƙyallen, iska na neman fizge rigarta, bayanta sama ta yi duhu. Idonsa ya sauka kan kanta, ga abin shaƙar Auta nan zaune tsakanin mataji da almakashi.

Ya damƙa wa ƙaton nan injin aski a hannu, ya wawuri abin shaƙar, ya faɗa shagon maƙwabcinsa mai gyaran babur. Bai iya haɗa magana ba, sama kawai ya nuna masa. Suka hau. Duk hanya iska na watsa musu ƙaiƙayi da guntayen kara a fuska, shi kuwa ba abin da yake gani sai tsakar gidansa ta waccan la'asar, da tagogi a buɗe, da hannunsa riƙe da mafici. Yana ta addu'a, amma ya ce ko kalma ɗaya ba zai iya tuna abin da ya roƙa ba.

Suka tarar da fili ya hargitse. Rumfuna na kifewa, malamai na kora yara cikin motoci, kowa na kiran nasa. Auta ba ta cikin masu gudu. Can bayan ragar ƙwallo ya hango ta zaune a ƙasa, ta dafa gwiwoyi da hannu biyu, kafaɗunta na hawa har kunne, ramin wuyanta na lotsawa. Ya san wannan zama. Ya durƙusa ya kara kunne a bayanta yana fatan jin fiton nan da ya tsana, sai ya ji kusan shiru. Daga yayarta ya koyi cewa shirun ya fi fiton muni. Leɓunanta sun fara yin toka-toka, idonta a kansa, ba ta da iskar da za ta ce Baba.

Ya sa mata abin shaƙar a baki ya danna, ba ta iya ja ba. Ya sake. Ya sake kuma. Sai ya ji wani ɗan siririn fito ya dawo, kuma bai taɓa jin sauti mai daɗinsa ba. Ya yafa mata tawul ɗin askin da har lokacin ke kafaɗarsa, suka sa ta a tsakiya, mai babur ya murɗa. Ruwa ya tsinke musu a hanya.

A asibiti ya tarar ba shi kaɗai ba ne. Wasu sun ga matar a sama sun ruga makaranta, wasu kasuwa, wasu kuma ba su gani ba sai da ciwon ya sanar da su. Likitan ya riga ya tara ma'aikatansa tun da saƙonta ya iso shi da safe, don haka ba a ɓata lokaci ba. Aka karɓi Auta, aka sa mata abin numfashi a fuska, aka tura uban waje. Ya tsaya a baranda jiƙe sharkaf, maiɗakinsa na gefe ta kasa ko kuka, kuma duk ƙofar da aka buɗe sai ya juya ya duba. Sai wajen la'asar aka ce su shigo. Auta ta janye abin fuskar kaɗan, ta tambaya da dusasshiyar murya ko an ɗage tseren ne ko kuwa an yi ba ita.

Da hankalinsa ya dawo jikinsa, faɗa ne ya fara zuwa masa. Ya tafi neman matar da ta bar sanda tsirara. Wata ma'aikaciyar jinya ta nuna masa ƙarshen matakala, ta kuma gaya masa abin da ba wanda ya sani a unguwa: sai da maza biyu suka hau suka ɓamɓare yatsunta daga jikin sandar, domin sun ƙi buɗuwa. Matar nan tun tana yarinya take tsoron bisa. Ko kujera ta taka don ɗauko abu sai jiri ya ɗebe ta. Tafiyar hawainiyar da ake yi wa dariya, tafiyar mai tsoro ce da ta ƙi barin tsoron ya hana ta isa.

Ya same ta zaune a gindin tsani, rigarta na ɗiga, tafin hannunta ya sale, ƙyallen na kan cinyarta, haƙoranta na haɗuwa. Faɗan da ya zo da shi ya bi ruwa. Ita ta fara magana.

"Ta rayu, Baban Auta?"

"Ta rayu, Malama."

Ta rufe fuska da ƙyallen ta daɗe. Da ta ɗago sai ta ce, "Kada ka ga laifin igiya. Mu ne muka koya muku cewa in ba ku ga komai ba, lafiya ce. To ranar da na zame a tsanin nan na karye, me za ku gani? Ba komai. Daga gobe zan riƙa rataya fari in iska lafiya take. In ka duba ba ka ga fari ba, ba ka ga ja ba, ka ɗauka ja ne."

Mai aski ya yi lissafin abin da hakan ke nufi, ya ce mata ai ke nan kullum sai ta hau sau biyu, ba ranar haɗari kaɗai ba. Ta ce ta sani, ta kuma roƙe shi kada ya ƙara tuna mata.

Haka kuwa aka yi, har gashinta ya yi fari. Rani da damina, ranar aiki da ranar hutu, in ba ta da lafiya ta roƙi abokin aiki ya duba gilashin ya hau, in ba wanda zai duba ta ce a bar sandar haka nan, mutane sun san ma'anarta. Igiya ta koma wayar ƙarfe mai kauri, tana kuma gwada ta da hannu kowace safiya. Mutanen da ba ruwansu da asma ma suka shiga duba benen, har akwai matar da ta rantse ba ta shanya wanki sai ta ga fari, duk da an sha gaya mata ƙyallen ba na ruwan sama ba ne. Da wayoyi suka yawaita aka fara tura saƙo, amma waya takan mutu, saƙo yakan makara, don haka ba ta bar hawa ba. Gwiwoyinta ne suka gaji kafin zuciyarta. A shekarun baya-bayan nan mai aski kan ga ta zauna a gindin tanki ta huta kafin ta ƙarasa, shi kuma ya tsaya da tsintsiya a hannu, ba ya iya ci gaba da shara sai ya ga ta kama hanyar sauka.

Ke ce mai tsoron da ta fi masu ƙarfin hali amfani a unguwar nan. Ke ce mai gadin iska, wadda ta ƙare ƙarfin idonta wajen ƙirga abin da ba mu gani, don wasu su ga 'ya'yansu sun girma. Ba ki taɓa cewa ba kya jin tsoro ba. Kin ji shi kowace safiya ta Allah, kin riƙe bututu kin wuce da shi.

Yanzu ta sauko ke nan, kuma a nan ne jinjinar nan ke haɗuwa da fargaba. Har yau ba a ɗauki wanda zai maye gurbinta ba, an ce ana kan shiri. Akwatin na can yana juya jela yana zuƙar iska, ba mai ciro gilashin. Ƙyallayen biyu ta wanke su ta goge, ta ninke ta ajiye kusa da madubin. Damina ta juya baya, an fara girbi a bakin gari. Auta kuma ta yi aure, tana 'yan layuka kaɗan daga shagon, da tsohon ciki, kuma likita ya ce cikin ya sa ƙirjinta ya koma saurin kamawa kamar lokacin ƙuruciya.

Mai aski ya je har gida ya sami Mai Tarko, ya ce shi ba ya tsoron tsani, a ba shi ƙyallayen ya riƙa hawa kafin a samu wani. Ta dube shi da tausayi.

"Me za ka rataya, Baban Auta? Ƙyalle ba ya ƙirga komai. Farin da aka rataya ba a duba gilashi ba ya fi sanda tsirara haɗari."

Mun gode, Malama. Allah ya huta da gwiwoyinki, ya ba ki numfashi mai sauƙi har ƙarshen kwanakinki, kamar yadda kika nema wa 'ya'yan mutane. Ku kuma matasan da kuka koyi aikin awo kuke jiran babban wuri, ga ƙaramin ɗaki can mai taga ɗaya, ga madubi, ga tsani. Ba a neman marar tsoro, ita ma ba ta kasance haka ba. Masu alhakin cike gurbin nan, ku dubi gabas da la'asar ku ga abin da ke haɗowa, ku hanzarta. Sauranmu kuwa, duk mai wani ɗan aikin kullum da yake ganin ba wanda ya damu da shi, ya sani wataƙila akwai wani a tsallaken titi da ya karkata madubinsa yana kallo.

Yau da safe ma mai aski ya ɗaga ƙyaure, ya ɗauki tsintsiya, ya ɗaga kai. Ya san dalilin da ya sa ba komai a sandar, ya san matar tana gida, ya san gari ya waye garau. Duk da haka ya jingina tsintsiyar, ya ciro waya ya kira 'yarsa, kamar yadda ya yi jiya da shekaranjiya.

"Auta, rufe tagoginki," in ji shi. "Ja ne."